Daga Duwala zuwa Wagadugu: Wa zai ɗauki nauyin cibiyoyin al'adu idan tallafin Turai ya yanke?

A 'yan shekarun nan an rufe wasu manyan gidajen al'adu na Faransa a yankin Sahel, wasu kuma an sauya musu suna, a daidai lokacin da ƙasashen Turai da Amurka ke rage kuɗin da suke kashewa a ƙetare. Wannan ya sa hankali ya koma kan ƙananan cibiyoyin da 'yan ƙasa suka kafa da kansu. Cibiyar doual'art ta birnin Duwala a Kamaru, wadda ta haura shekara 30 tana aiki, ta nuna abin da irin waɗannan wurare ke iya yi wa unguwa, ta kuma nuna inda rauninsu yake. Hausawan da ke zaune a zangunan ƙasashen maƙwabta na da abin dubawa a tarihinta.

Ƙofofin da suka rufe

Ranar 1 ga Oktoban 2022, kwana ɗaya bayan juyin mulkin da ya kawo Kyaftin Ibrahim Traore kan mulki a Burkina Faso, masu zanga-zanga sun far wa cibiyoyin al'adun Faransa na Wagadugu da Bobo Dioulasso, suka yi musu ɓarna mai yawa. A watan Nuwamban wannan shekarar hukumomin Mali suka haramta ayyukan ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗi daga Faransa. A Nijar kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar mai sunan Jean Rouch ta daina aiki a matsayin mallakar ƙasashen biyu. Daga baya aka raɗa mata sunan Moustapha Alassane, ɗan Nijar ɗin da ke cikin waɗanda suka fara shirya fim ɗin zane mai motsi a Afirka.

Ta ɓangaren Faransa ma an ja ƙofa. A watan Satumban 2023 aka aika wa gidajen wasan kwaikwayo da masu shirya bukukuwa da ke cin tallafin gwamnati takarda, ana umartarsu su dakatar da duk wata hulɗa da Mali da Nijar da Burkina Faso. Bayan ce-ce-ku-ce mai zafi gwamnatin ta ce ba ta ƙaurace wa masu fasaha ba, amma da yake an daina bayar da biza a waɗannan ƙasashe, sakamakon bai sauya ba ga mawaƙi ko ɗan wasan da aka gayyata.

Sai kuma batun aljihu. A farkon 2025 gwamnatin Holan ta sanar da cewa za ta zaftare yuro biliyan 2.4 a kowace shekara daga kuɗin tallafin raya ƙasashe tun daga 2027, kuma al'adu na cikin fannonin da ta ce za ta janye daga cikinsu. A wannan shekarar ce Amurka ta wargaza hukumarta ta USAID, Faransa ma ta rage nata kason.

Waɗannan gidaje na ƙetare, duk da sukar da ake musu, su ne suka daɗe suna samar da abubuwan da gwamnatocin yankin ba su cika samarwa ba: ɗakin karatu mai sababbin littattafai, dandamali mai fitilu da na'urar sauti, majigi, da ɗan kuɗin sallamar mai wasa. A Kamaru, alal misali, gidajen silima uku da suka rage, wato Abbia a Yawunde da Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, duk sun rufe a watan Janairun 2009, kuma ƙasar ta ɗauki shekaru babu gidan silima na kasuwanci. A irin wannan giɓi ne cibiyoyi masu zaman kansu ke samun muhimmanci.

Cibiyar da ta fara a titi

An kafa doual'art a 1991. Waɗanda suka kafa ta su ne Gimbiya Marilyn Douala Manga Bell, masaniyar tattalin arziki da zamantakewa, da mijinta Didier Schaub, masanin tarihin fasaha ɗan Faransa, wanda ya rasu a 2014. Shekarar ba ta zo a banza ba. A watan Disamban 1990 Kamaru ta fitar da dokar 'yancin kafa ƙungiyoyi, a 1991 kuma Duwala ta kasance cibiyar zanga-zangar zaman gida da 'yan adawa suka kira, wadda ta tsayar da kasuwanni na tsawon watanni. Titi ya zama fagen fito-na-fito tsakanin jama'a da jami'an tsaro. Ƙungiyar ta zaɓi ta yi aiki a kan wannan titin.

Shekarunta na farko ba ta da gini. Sai a 1995 ta buɗe zaurenta a unguwar Bonanjo, cikin wani tsohon gidan silima da ke harabar fadar sarakunan Bell, wadda aka fi sani da La Pagode. Gimbiyar daga wannan gida ta fito. Tana cikin zuriyar Sarki Rudolf Duala Manga Bell, wanda Jamusawa suka rataye ranar 8 ga Agustan 1914 saboda ya ƙi amincewa da shirinsu na ƙwace filayen Duwalawa na bakin kogin Wouri.

Wannan asali na da tasiri a kan dorewar cibiyar. Yawancin ƙungiyoyin al'adu a biranen Afirka na mutuwa ne a hannun mai gidan haya: kuɗin haya ya tashi, ko a sayar da filin, sai kayan aiki su koma ɗakin wani. Cibiyar da ke zaune a filin da take da jijiya a cikinsa na iya jure shekarar da babu tallafi. Zauren na Bonanjo ya zama wurin baje kolin zane-zane da hotuna, da muhawara, da karatun waƙe, da ziyarar 'yan makaranta. Sai dai Bonanjo unguwa ce ta ofisoshin gwamnati da bankuna, talakan Duwala ba ya zuwa can sai da dalili. Saboda haka manyan ayyukan da suka yi wa cibiyar suna duk a waje aka yi su.

Mutum-mutumin da ya tayar da ƙura

A 1996 cibiyar ta ɗauki nauyin aikin Joseph-Francis Sumégné a shataletalen Deido, ɗaya daga cikin mahaɗun da suka fi cunkoso a birnin. Mutum-mutumi ne mai tsayin mita 12, an harhaɗa shi da tarkacen ƙarafa da sassan motoci da aka zubar, yana ɗauke da ƙwallon duniya a kansa. Sunansa La Nouvelle Liberté, wato sabon 'yanci.

Ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba. Wasu sun ce muni gare shi, har aka yi masa laƙabi da dodon Deido. Amma abin da ya fi rura wutar shi ne asalin mai aikin. Sumégné Bamileke ne daga yammacin ƙasar, Deido kuwa ƙasar Duwalawa ce ta gado. A watan Janairun wannan shekarar aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da ya bai wa jam'iyyar adawa ta SDF rinjaye a sassan birnin, akasarin sababbin magadan garin kuma ba Duwalawa ba ne, abin da ya sa 'yan asalin gaɓar teku suka fito zanga-zanga. A watan ne kuma sabon kundin tsarin mulki ya shigo da batun kare haƙƙin 'yan asalin wuri. Mutum-mutumin ya faɗa tsakiyar rigimar ɗan ƙasa da baƙo.

Aikin ya tsaya cik na tsawon shekaru, sai a 2007 aka kammala shi aka miƙa wa hukumar birnin. A yau shi ne hoton da ake sa wa idan ana son nuna Duwala. Darasin da ke ciki bai tsaya kan cewa jama'a kan saba da abin da suka ƙi da farko ba. Duk abin da aka kafa a fili, to yana amsa tambayar wane ne ke da garin. Bahaushen da kakansa ya sauka a Duwala ko Kumasi shekara 100 da suka wuce, kuma har yau ake kiransa baƙo idan zaɓe ya zo, ya san nauyin wannan tambaya.

Famfo da gada a Besenge

Bayan rigimar Deido cibiyar ta ƙara karkata ga tuntuɓar mazauna wuri kafin a taɓa komai. Misalin da aka fi ambata shi ne Besenge, wata unguwar talakawa da ke cikin kwari kusa da Akwa, wadda ruwa ke mamayewa da damina. A farkon shekarun 2000 masu fasaha, ciki har da marigayi Goddy Leye, suka yi zama a unguwar, har suka kafa ƙaramin gidan rediyo na wucin gadi inda mazauna ke faɗin damuwarsu. An kafa kwamitin ci gaban unguwa, kuma abubuwan da mutane suka sa a gaba ba su da alaƙa da zane: ruwan sha da hanyar fita.

A 2003 Danièle Diwouta-Kotto, mai zayyana gine-gine, ta tsara wani ɗan gini da ya haɗa famfon jama'a da shago. A 2005 Alioum Moussa, haifaffen Marwa a arewacin Kamaru, ya tsara gadar ƙafa mai makarai masu launi da siffar mutane riƙe da hannun juna, wadda ta haɗa unguwar da babban titi.

A nan ne muhawarar take. Masu goyon baya na cewa wannan ce fasahar da ta dace da birni irin Duwala: mutum ya sha ruwa, ya ƙetare rafi lafiya, ya kuma ga abu mai kyau a unguwar da ba a saba kai mata komai ba. Masu shakku kuma na tambaya: tun yaushe ya zama aikin mai zane ya kai famfo? Idan ƙungiyar fasaha ta yi abin da magajin gari ya kamata ya yi, shin ba ta sauke masa nauyi ba ne? Akwai kuma tambayar gyara. Katako na ruɓewa a gari mai yawan ruwan sama kamar Duwala, famfo na lalacewa, masu bayar da tallafi kuwa sun fi son biyan kuɗin sabon aiki da za a yanke ƙyalle a buɗe, ba kuɗin canza ƙusa bayan shekara biyar ba. Aikin da ba shi da kwamitin unguwa mai rai a bayansa, ranar buɗe shi ita ce ranar da ya fi kyau.

Daga 2007 cibiyar ta tattara irin waɗannan ayyuka a cikin wani biki mai suna SUD, wato baje kolin fasahar birnin Duwala. An yi shi a 2007 da 2010 da 2013 da 2017. Na 2010 ya mayar da hankali kan ruwa, na 2017 kuma kan haƙƙin ɗan Adam. Kowane karo akan shafe watanni ana aiki a unguwanni kafin makon bikin, inda ake zagayawa da baƙi da 'yan gari daga wannan aiki zuwa wancan, da kiɗa da wasanni. A Ndogpassi, wata unguwa ta gefen gari, an gyara wani marmaro da mata ke ɗiban ruwa da wanki aka mayar da kewayensa dandalin wasa mai matakala a 2013.

New Bell, unguwar baƙi

Babu unguwar da wannan tarihi ya fi shafar masu jin Hausa kamar New Bell. Asalinta shirin Jamusawa ne na kwashe baƙar fata daga bakin kogi zuwa bayan gari, da tazarar fili tsakaninsu da unguwar Turawa. Duwalawa sun ƙi komawa can da yawansu, sai wurin ya zama masaukin waɗanda suka zo daga nesa: Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Najeriya, da fatake Hausawa. Har yau akwai ɓangaren da ake kira New Bell Hausa, kamar yadda Briketeri take a Yawunde. A New Bell ne babban gidan yarin birnin yake, kuma sunan unguwar ya daɗe yana tafiya da labarin cunkoso da sata da ambaliya.

Masu fasaha sun yi aiki sosai a nan. Wata ƙungiyar masu zane biyar mai suna Cercle Kapsiki ta kafa sansaninta a unguwar, kuma a ƙarshen 2002 zuwa farkon 2003 ta gayyato takwarorinta daga ƙasashe daban-daban suka zauna cikin unguwar suna aiki tare da matasa. A bikin SUD na 2010 an rufe wasu kwatoci da katako don masu tafiya a ƙasa. Hervé Yamguen, ɗan unguwar, ya ɗora kalmomin matasa mawaƙan zamani a jikin bangaye. Pascale Marthine Tayou kuma ya jera tukwanen tasa masu fenti ɗaya kan ɗaya har suka yi doguwar hasumiya a wani shataletale. Duk macen da ta taɓa ganin jeren ɗakin amarya a Kano ko Damagaram ko Garwa za ta gane waɗannan kwanuka.

To amma zama kusa da abu daban, shiga cikinsa daban. Akwai dalilai da ke sa mazauna zango kan tsaya daga nesa a irin waɗannan bukukuwa, a Duwala da sauran birane. Na farko harshe: sanarwa da jawabai da rubutun bayani galibi da Faransanci ake yi, ko Turanci. Na biyu lokaci: taron da aka sa tsakanin Magariba da Isha'i, ko a tsakiyar azumi, ya riga ya zaɓi mahalartansa. Na uku batun siffar mutum da aka sassaƙa, wanda Musulmi da yawa ke ƙyama, tare da cakuɗuwar maza da mata da sayar da barasa a wasu wuraren. Na huɗu kuma daga cikin gida yake: a al'adar Hausa kiɗa da roƙo sana'o'i ne na gado da ake ɗauka ƙasa da kasuwanci da malanta, don haka attajirin zango zai fi saurin ba da kuɗin ginin masallaci ko Islamiyya fiye da ɗakin adana tarihi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba shi da mafita. Fasaha ba ta ƙare a mutum-mutumi ba. Zanen bangon gida irin na Zariya da Damagaram, da zayyanar allo, da aikin dukawa, da ɗinkin aska takwas a babbar riga, da rubutun ajami, duk suna iya cika zaure ba tare da wani malami ya ɗaga gira ba.

'Yancin kai da kuɗin wani

Kalmar "mai zaman kanta" na buƙatar a duba ta da kyau. Cibiyar doual'art ba ta ƙarƙashin ma'aikatar al'adu, ba kuma reshen wani ofishin jakadanci ba ce. Amma manyan ayyukanta sun dogara ne da tallafin waje, daga Tarayyar Turai da gidauniyoyin Holan da cibiyoyin al'adu na Faransa da Jamus. Ta samu lambar yabo ta gidauniyar Yarima Claus ta Holan a 2009, shugabarta kuma ta karɓi lambar Goethe ta Jamus a 2021. Wannan shaida ce ta ingancin aiki, amma tana nuna inda idon masu kuɗin yake.

Dabararta ita ce raba ƙafa: idan masu tallafi sun yi yawa, babu ɗaya da zai iya juya akala shi kaɗai. Dabarar na aiki muddin ba dukansu ne suka janye a lokaci guda ba, kuma abin da ke faruwa yanzu ya yi kama da haka. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Idan Turai ta ja baya, ido kan koma ga gwamnati. A nan ma akwai ƙaya. A watan Yulin 2020 Kamaru ta kafa dokar da ta tsara ƙungiyoyin fasaha da al'adu, wadda ta ɗora su kan neman amincewar ma'aikatar al'adu da shiga cikin tarayyoyin da doka ta shata. Masu fasaha da dama sun yi kukan cewa hanya ce ta sa musu linzami. A ƙasashen ƙawancen Sahel kuwa, inda Mali da Burkina Faso da Nijar suka sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Maris na 2025, hukumomi na ɗaukaka al'adun gida da babbar murya. Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a kundinta na 2025. Dama ce ga marubuta da 'yan wasan Hausa. Sai dai waɗanda suka ga zamanin Samariya a ƙarƙashin Seyni Kountché sun san fuska biyu na wannan hanya: dandali ya cika, an yi gasar wasan kwaikwayo da waƙa a faɗin ƙasa, amma gwamnati ce ke zaɓen abin da za a rera.

Hanyoyi biyu: tsakar gida da aljihun mai zane

Akwai wurare biyu a yankin da suka gwada wata hanya. Na farko bikin wasan kwaikwayo na Récréâtrales a Wagadugu, wanda Étienne Minoungou ya kafa a 2002. Tun 2008 ake yinsa a unguwar Bougsemtenga, a cikin gidajen mutane. Iyalai kan ba da tsakar gidansu a kafa dandamali da kujeru, a ƙawata titin unguwar, matasan wurin su yi aikin kafinta da lantarki da tarbar baƙi, mata su yi sana'ar abinci. Bikin na karɓar tallafin waje shi ma, amma filinsa ba na kowane ofishin jakadanci ba ne. An gudanar da shi a ƙarshen Oktoban 2022, makonni kaɗan bayan an lalata cibiyar Faransa, an kuma sake yi a 2024, inda mutanen da rikici ya raba da garuruwansu suka hau dandamali. Bikin da ke zaune a gidajen jama'a yana da wuyar rufewa, domin masu gidan na da rabo a cikinsa.

Na biyu a Tamale, arewacin Gana. Ibrahim Mahama, mai fasahar da aka haifa a garin a 1987, wanda ba shi ne attajirin nan ƙanin Shugaba John Mahama ba, ya yi suna a duniya da lulluɓe manyan gine-gine da tsofaffin buhunan koko. Kuɗin da yake samu daga sayar da ayyukansa a ƙetare ya zuba su a gida: cibiyar SCCA a 2019, sai Red Clay a 2020, inda aka mayar da tsofaffin jiragen sama azuzuwan yara, sai wani tsohon rumbun siminti na zamanin Nkrumah da ya farfaɗo da shi a 2021. 'Yan makaranta na tururuwa zuwa wuraren. Wannan hanya ba ta jiran takardar neman tallafi, amma ta rataya a kan mutum ɗaya da kuma kasuwar zane ta Landan da New York. Ranar da kasuwar ta faɗi, Tamale za ta ji a jikinta.

Idan aka haɗa misalan uku, abin da ke riƙe cibiya ya fito fili: fili nata na kanta, kuɗin da ba daga rijiya ɗaya ake ɗebowa ba, da maƙwabtan da za su ji zafi idan aka rufe ta. Duwala ta fi ƙarfi a na farko, Wagadugu a na ƙarshe.

Abin da zango ke iya rasawa

A Wagadugu ɗin ma akwai wani labari da ya fi kusa da Hausawa. Unguwar Zangouettin, tsohon zangon fatake a tsakiyar birnin, an rushe ta a 2003 tare da wasu maƙwabtanta domin shirin gina sabuwar cibiyar kasuwanci da ake kira ZACA, aka kwashe mazauna zuwa gefen gari. Masu bincike na danganta wasan Dodo da yaran birnin ke yi da daddare a watan azumi, ɗan'uwan tashe, da Hausawan da suka shigo da shi. Wasan ya zama na dukan birnin, unguwar da ta karɓi baƙin da suka kawo shi kuwa ta ɓace daga taswira.

Zangunan Akra da Kumasi da Lome da Kotonu da Yawunde da Duwala da yawansu na zaune a filayen da darajarsu ke hauhawa, domin garin ya girma ya kewaye su. Tarihin yawancinsu a bakin tsofaffi yake, da cikin akwatunan takardun ajami, da hotunan sarakunan zango da ke rataye a zaure. Harshen ma na sauyawa: a gidaje da dama jikoki sun fi sakewa da Faransanci ko Fulatanci ko Larabcin Cadi ko Twi. Fina-finan Kano da waƙoƙin da ke yawo a waya na riƙe kunnen matasa da Hausa, amma labarin Kano suke bayarwa, ba na New Bell ko Nima ba.

Abin da Besenge da Bougsemtenga suka nuna shi ne ba sai an fara da babban gini ba. Zango na da abubuwan da cibiyoyin zamani ke kashe kuɗi su ƙirƙiro: zauren sarkin Hausawa, ƙofar masallaci, ƙungiyoyin mahauta da 'yan goro da direbobi masu karɓar kuɗin mako, adashin mata, da kalandar da kowa ya sani, daga tashe zuwa hawan Sallah zuwa Mauludi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗaki guda mai takardar mallaka da sunan al'umma, da mutum biyu ko uku da aikinsu shi ne naɗar muryar tsofaffi, da ɗaukar hoton takardu, da shirya dare ɗaya a wata na tatsuniya ko waƙa ko majigi. A Gana akwai asusun raya zanguna da aka kafa da doka a 2017, wanda za a iya ƙwanƙwasa ƙofarsa. A sauran wurare, kuɗin farko daga kasuwa zai fito ko kuma ba zai fito ba.

Akwai kuma hanya mafi sauƙi, wato shiga cibiyoyin da ke akwai. Wuri kamar doual'art na rayuwa ne da shawarwarin da ake kawo masa, kuma a lokacin da masu tallafi ke raguwa, kowace cibiya na buƙatar nuna cewa tana da jama'a a bayanta. Ƙungiyar matasan New Bell Hausa da ta zo da tsarin baje kolin tarihin fataucin goro da shanu tsakanin arewa da gaɓar teku, da Hausa da Faransanci, tana da abin ciniki a hannunta.

Shekaru masu zuwa za su tace cibiyoyin yankin. Wasu za su rufe, wasu za su koma ƙarƙashin ma'aikatu, kaɗan za su samu masu riƙe su a cikin gida. Waɗanda suka tsira su ne za su yanke abin da za a nuna wa yaran makaranta a matsayin tarihin birni, da sunayen da za a rubuta a allunan tituna. A 1996 an yi wannan muhawara a shataletalen Deido, tsakanin Duwalawa da Bamileke. Za a sake yin irinta a wasu biranen, kuma al'ummar da ba ta da ko ɗaki ɗaya na ajiye tarihinta za ta same ta an gama.